Daga Kututture Zuwa Sifirin: Tarihin Kayan Aikin Fanal Bita

Yau garejin mota za mu shiga, ɓangaren masu gyaran jiki, waɗanda muke kira fanal bita.

Duk wanda aka taɓa bugar masa ƙofar mota ya san ƙarar wurinsu, ƙwas-ƙwas tun safe har yamma. Amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa leƙa akwatin kayan aikinsu. In mun leƙa za mu ga guduma biyu ko uku na kanti. Sauran kuwa guntun sifirin ne da aka lanƙwasa, da tsohon magagari da aka tanƙwara wa wuya, da guntun ƙarfen dogo mai sheƙi kamar madubi, da dogon rodi mai kan ƙugiya. Babu sunan kamfani a jikin ko ɗaya. Da yawanmu za mu ce ai talauci ne ya jawo. Talauci yana da nasa kason, amma irin waɗannan kaya za mu tarar a akwatin tsohon ma'aikaci a Ingila da Italiya da Amurka, inda kantuna ke cike da na saye. Dalilin ya girmi talaucinmu, ya ma girmi motar kanta.

ABIN DA KE FARUWA IDAN MOTA TA LOƁA

Kafin mu shiga tarihi, mu fahimci ciwon tukuna. Fallen ƙarfen da ake yin ƙofar motar yau da shi kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Ƙarfinsa yana zuwa ne daga siffar da aka ba shi, kamar yadda ƙwai ke da wuyar fasawa a tafin hannu duk da rashin kaurin ɓawonsa. Idan aka bugi ƙofa, wuri kaɗan ne yake karyewa ya yi gaɓa ya taurare. Sauran filin da muke gani ya lotsa bai lalace ba, gaɓar nan ce kawai ta riƙe shi. Da an saki gaɓar, mafi yawansa zai koma mazauninsa da kansa.

Sakin gaɓar nan shi ne aikin, kuma hannu biyu yake ci. Hannu ɗaya yana riƙe da guduma ta waje. Ɗayan yana ciki, riƙe da dunƙulen ƙarfe mai santsi da ake tokarawa ta baya, wanda Bature ke kira doli, mu kuma bari mu kira shi matokari. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, to a nan maganar ta zauna daram. Idan guduma ta sauka daidai kan matokari, sai a ji amo mai zaƙi, kuma fallen da ke tsakani yana miƙewa, yana ƙara faɗi. Idan ta sauka a gefensa, amon yakan dushe, tudu ya sauka, kwari ya taso, ba tare da ƙarfen ya miƙe ba. Da kunne ma'aikaci ke bambance su. Sharaɗin kuwa ɗaya ne: dole fuskar matokari ta yi daidai da lanƙwasar wurin da ake gyarawa. Lanƙwasar jikin mota kuma ba ta ƙirguwa. Mu riƙe wannan, domin shi ne tushen labarin duka.

KAFIN A YI MOTA

Buga fallen ƙarfe ya yi siffa tsohuwar sana'a ce. A ƙarni na 15 maƙeran biranen Milan a Italiya da Augsburg a Jamus sun shahara da ƙera rigunan ƙarfe da kwalkwali na mayaƙa. Sukan fara nutsa fallen cikin rami, sannan su ɗora shi kan ƙarfe mai kan zagaye su yi ta bugu ƙanana-ƙanana har tabon guduma ya ɓace. Masu ƙera tukwanen tagulla ma haka suke yi, kuma wanda ya taɓa ganin maƙeran Bida suna buga faranti ya ga irin wannan hannun. Babu kantin da waɗannan mutane ke zuwa sayen kayan aiki. Wanda ya iya ƙera kwalkwali, shi ke ƙera ƙarfen da zai buga kwalkwalin a kai.

Da Karl Benz ya yi rajistar motarsa a Jamus a 1886, ba a ƙirƙiri wata sabuwar sana'ar yin jikin mota ba. Masu yin keken doki aka miƙa wa aikin. Su ne ke haɗa ƙashin jiki da katako, daga baya kuma suka riƙa lulluɓe shi da fallen ƙarfe ko na alminiyam da aka buga da hannu. Kayan aikinsu uku ne manya: kututturen ice da aka fafe masa rami, da jakar fata cike da yashi, da gudumar katako. A ɗora falle a kan ramin kututture ko kan jakar yashi, a yi ta bugu har ya yi ciki kamar ƙwarya, sannan a bi shi da ƙaramar guduma a daidaita. A Ingila sun ƙara da wani inji na hannu mai tayoyin ƙarfe biyu, ɗaya a kan ɗaya, ana tura falle tsakaninsu gaba da baya har ya yi kumburi mai santsi. A wancan zamanin wanda ya yi jikin mota shi ke gyara shi, kuma da kayan da ya yi shi da su.

RANAR DA INJI YA ƘWACE RABIN AIKIN

Wani Ba'amurke mai suna Edward Budd ne ya sauya lamarin. A 1912 ya kafa kamfani a birnin Filadelfiya da niyyar yin jikin mota da ƙarfe zalla, babu katako. Hanyarsa ita ce manyan injinan dannawa masu bakin ƙarfe biyu, mace da namiji. A shimfiɗa falle a tsakani, inji ya danna, sai ga ƙofa ta fito da siffarta cikin ɗan lokaci, sannan a haɗa sassan da walda. Motar farko da 'yan'uwan nan biyu masu kamfanin Dodge suka fitar a 1914 jikin Budd ne da ita. A 1924 Citroën ta kawo tsarin Faransa, a 1926 aka kafa masana'antar danna jikin mota a Cowley kusa da Oxford a Ingila, zuwa 1935 kuma General Motors ta fara fitar da motoci masu rufin ƙarfe falle guda.

Inji ya iya yin ƙofa dubu iri ɗaya. Abin da bai iya ba shi ne gyara ƙofa guda da ta loɓa, domin babu haɗari biyu da suke kama da juna. Motoci suka yawaita a kan titi, karo ya yawaita, sai ga wata sabuwar sana'a ta tsiro a gefen hanya: mutanen da ba su ƙera motar ba, ba su da injin da ya danna ta, amma an ce su maido da siffar da inji mai nauyin tan-tan ya fitar, da guduma mai nauyin ƙasa da kilo ɗaya. Wannan shi ne asalin fanal bita da muka sani.

Tsohuwar hanyar ba ta mutu gaba ɗaya ba. A birnin Modena na Italiya, Sergio Scaglietti ya buɗe shagonsa a 1951, ya fara da gyaran motocin da suka yi karo, daga baya ya zama mai ƙera jikin motocin tseren Ferrari. Ma'aikatansa da guduma da jakar yashi suke buga alminiyam, suna gwadawa da ido. Daga hannunsu jikin Ferrari 250 GTO ya fito, motar da 36 kacal aka yi, wadda aka yi gwanjon ɗaya daga ciki a 2018 kan sama da dala miliyan 48. Kayan da suka buga ta ba su fi waɗanda ke akwatin mutumin unguwarmu ba.

ABIN DA YA HANA KANTI WADATAR DA SU

Da sana'ar gyara ta kafu, kamfanoni suka fara ƙera mata guduma da matokarai iri-iri, da wasu ƙarafa masu faɗin baki da ake kira cokali. A shekarun 1930 wani kamfanin Amurka mai suna Fairmount ya fitar da ɗan littafin Frank Sargent, The Key to Metal Bumping, wanda har yau ana buga shi. Darasinsa mai sauƙi ne: kafin ka ɗaga guduma, ka tsaya ka gano inda bugun ya fara da yadda ya bazu, sannan ka warware ɓarnar daga inda ta ƙare zuwa inda ta fara. Wanda ya faɗa wa tsakiyar rami da duka, miƙar da ƙarfen kawai zai yi ya ƙara wa kansa aiki.

Duk da kayan kanti, ma'aikata ba su daina ƙera nasu ba. Kamfani zai iya yin matokari siffa goma, amma motar da ke gabanka tana da lungun da babu ko ɗaya cikin goman da zai shiga. Bayan ƙofa akwai ƙarfen ƙarfafawa da ya tare hanya, ƙarƙashin bonet akwai haƙarƙari. Mai mota kuma yana jira. Sai ma'aikaci ya waiwaya ga tarin tsofaffin ƙarafa, inda ya san akwai ƙarfe mai kyau a banza.

Sifirin mota shi ne kan gaba. An yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo sau miliyoyi bai karye ba, ga faɗi, ga ɗan kumburi tun daga masana'anta. Ana yanka guntu, a gasa tsakiyarsa ya yi ja, a tanƙwara shi sau biyu don hannun mai riƙewa ya ɗaga sama da jikin mota, a gurje fuskar, a bi ta da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi. Abin da ya fito shi ne ƙarfen mari. Guduma wuri ɗaya take sauka, shi kuwa yana raba bugun a fili mai faɗi, shi ya sa ba ya barin tabo.

Tsohon magagari ma ana maida shi ƙarfen mari, wani a goge haƙoran, wani a bar su don su riƙa cizon fallen suna nuna inda bugu ya sauka. Sai dai shi yana da haɗari. Magagari ƙarfe ne mai tauri sosai, kuma mai tauri ba ya da juriya. In aka yi duka da shi yadda yake, yana iya tarwatsewa ya shiga ido. Masu sani sukan gasa shi ya yi ja, su binne shi cikin toka ya kwana ya huce a hankali, sai ya yi laushi. In ana son a maido masa da ɗan tauri, sai a sake gasawa a tsoma a mai, sannan a ɗumama shi kaɗan har ya yi launin shuɗi. Matokari kuwa daga duk wani dunƙule mai nauyi ake fitar da shi: guntun ƙarfen dogo, ko kan tsohuwar babbar guduma, ko guntun sandar da ke juya tayar babbar mota. Ƙa'ida guda ce ta haɗa su duka: duk tabon da ke fuskar kayan aiki zai buga kansa a jikin mota kamar hatimi. Shi ya sa gwani ba ya yarda yaronsa ya buga ƙusa da gudumar fanal.

DALMA, MUCIYA DA ZUWAN BODI

Komai gwanintar hannu akan bar ɗan kwari. A da da dalma ake cike shi, irin mai nauyin nan ta cikin batirin mota, gauraye da kuza, yawanci kashi 70 dalma kashi 30 kuza. Ana narkar da ita da wuta har ta yi laushi kamar tuwo, a shafe ta da wata 'yar muciyar katako mai faɗi da aka tsoma a kitse don kada ta manne. Muciyar nan ma da yawa ma'aikaci ne ke sassaƙa abarsa. Aikin yana son ƙwarewa, ga shi dalma guba ce ga mai shaƙar ƙurarta.

A tsakiyar shekarun 1950 aka fito da wani ƙulli na roba a Amurka, wanda Bondo ya fi shahara a cikin irinsa. Shi ne bodin da muke gani ana kwaɓawa a kan kwali. A haɗa shi da ɗan maganin daskarewa, a shafa, cikin mintuna ya bushe, a goge. Ya raba mutane da gubar dalma, ya kuma rage kuɗin gyara. Amma ya buɗe wata ƙofa: yanzu mutum na iya rufe rami ba tare da ya fitar da shi ba. An yi bodi ne don shafi marar kauri bayan an gama aikin guduma. Da aka fara lafta shi kamar yaɓen ɗaki, sai buƙatar matokari mai daidai siffa ta ragu, wanda ya iya ƙera shi ma ya fara raguwa.

YADDA SANA'AR TA SAME MU

Da mota ta iso ƙasar Hausa ta tarar da mutanen da suka san ƙarfe. Muna da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, da maƙeran fari masu awarwaro da kayan doki, kowa da uwar maƙerarsa da masaba da awartaki da zugazugi. A da daga tama ake narko ƙarfe. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje da tarkacen injuna suka yi ta shigowa, narka tama ya yi ta ja da baya har ya ɓace, maƙera suka koma kan tsofaffin ƙarafa. Farfesa Philip Jaggar, wanda Hausawa ke kira Malam Bala, ya zauna da maƙeran birnin Kano ya rubuta littafi a kansu da ya fito a 1994. Har gobe in muka tambayi maƙeri da me ya yi wuƙa mai kyau, da wuya bai ce sifirin ba. Ke nan ƙarfen da ma'aikacin Ingila ya zaɓa don ƙarfen mari, shi maƙerinmu ya zaɓa don adda, kuma dalilinsu ɗaya.

A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, Fijon da ta cika tashoshinmu. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota da sabuwar ƙofa suka fi ƙarfin yawancin mutane, motocin Kwatano suka maye gurbi. A Turai idan ƙofa ta lalace sosai cire ta ake yi a sa sabuwa, domin ladan ma'aikaci ya fi kuɗin ƙofar. A nan lissafin ya juye: ƙofar ce mai tsada, hannu ne mai araha. Saboda haka ɓarnar da can za a zubar, nan sai an miƙe ta. Kasuwannin tsofaffin ƙarafa irin su Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Katako a Yamai, da unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, su suka zama kantin kayan aikin fanal bita. Can ake tsintar sifirin da guntun ƙarfen dogo, muna nufin tsohon da aka yi gwanjonsa, ba wanda ɓarayi ke kwancewa da dare ba.

Wutar aiki ma da yawa ta gida ce. Fitilar walda mai haɗa iskar gas biyu a Faransa aka ƙirƙiro ta a farkon ƙarni na 20. Ɗaya daga cikin iskar ana samun ta ne idan ruwa ya taɓa kabaid, shi ya sa muke ganin tankin kabaid ƙirar gida a gareji, abin da ke fashewa in an yi sakaci. Da wutar nan ake gyara ƙarfen da ya miƙe ya yi yawa: a gasa ɗan wuri kamar faɗin kwabo ya yi ja, a buga shi a kan matokari, a danna masa jiƙaƙƙen tsumma, sai ya tsuke.

Duk wannan ilmi daga baki zuwa kunne yake tafiya. Yaro yakan shekara yana gugar samfefa da miƙo kaya kafin a ba shi guduma. Ranar da oga ya ce masa, "Kai, je ka nemo sifirin ka yi naka," ya san ya fara zama mutum a sana'ar.

INDA MUKE A YAU

Motar yau ta sake sauya aikin. Fallenta ya fi na da siranta, ƙashinta kuma an yi shi da ƙarfe mai ƙarfin gaske wanda wuta ke kashe wa ƙarfi. Ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi, in aka gasa shi aka miƙe, zai yi kyau a ido, amma ba zai kare na ciki a karo na gaba ba. Wasu motocin ma alminiyam ne, kamar Audi A8 tun 1994 da Ford F-150 tun samfurin 2015, kuma alminiyam yana son kayan aikinsa daban, don ƙurar baƙin ƙarfe tana sa shi ruɓewa. A nan gwaninta ta haɗa da sanin inda guduma za ta tsaya.

Abin mamaki, a daidai wannan zamani ne tsohon rodin nan mai kan ƙugiya ya dawo da daraja. A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka kan motoci, an samu masu fitar da loɓawa ba tare da taɓa fenti ba. Sukan zura dogon ƙarfe ta bayan falle, su kafa fitila a gefe suna kallon inuwa, su yi ta turawa kaɗan-kaɗan har wurin ya koma. Yanzu kamfanoni na sayar da waɗannan ƙarafa jeri-jeri, amma har yau mai aikin yakan gasa ɗaya ya lanƙwasa shi yadda lungun motar ke so.

Mu da muke sayen mota ta hannu, wannan tarihi ya shafi aljihunmu da wuyanmu. Ƙofar da aka fitar da guduma ta dawo ƙarfe. Wadda aka lafta wa bodi kuwa, damina biyu ko uku sai ta tsage, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci ta ciki. Ɗan maganaɗisu da muka naɗe a ƙyalle zai gaya mana gaskiya a jikin motar ƙarfe: inda ya ƙi kamawa, bodi ne ya yi kauri. Kuma laifin ba na ma'aikaci kaɗai ba ne. Mu ne muke cewa a ba mu mota gobe da safe, a kan rabin kuɗi. Aikin guduma yini yake ci, na bodi awa biyu. In mun ci gaba da biyan kuɗin awa biyu, yaron da ke koyo yau ba shi da dalilin ɓata yininsa yana goge sifirin.

Saboda haka, wanda duk ya kai mota gyara a cikinmu, ya roƙi ogan ya buɗe masa akwatin. Ya ɗauki ƙarfe ɗaya ya tambaya: wannan daga me aka yi shi, wa ya yi shi, don wace mota, kuma me kuke kiransa? Sunayen da muka yi amfani da su a nan, matokari da ƙarfen mari, namu ne na bayani. Kowane gari da kowane gareji yana da nasa. Wanda ya samo na garinsu ya kawo mana.